Ruwan Da A Ke Kiwon Jatan Lande A Ciki

A ƙasar Bangaladesh, wajen Khulna da Bagerhat, manoma su kan ta da kunya mai tudu kewaye da gonar shinkafa, su haƙa lambatu daga ciki, su tara ruwa, su zuba 'ya'yan jatan lande. Mutum ya kan ci bashi ya sayi iri, ya yi wata shida ko fi yana ciyad da su, kāna dare ɗaya ya kashe masa su duka. Bari mu bincika dalili.

Mu da mu ka saba da tarwaɗa mun sani ta kan taso ta shaƙi iska in ruwa ya ɓaci. Jatan lande ba shi da wannan dabara. Zamansa a ƙasa ne, bisa taɓo, inda iskar numfashi, watau oksijin, ta fi ƙaranci. Ƙananan tsire-tsiren da su ke sa ruwa ya yi kore, su ne su ke ba da iskan nan muddin akwai rana. Da dare kuwa su kan daina, har su ma su riƙa sha. Domin wannan gab da asuba ne lokacin hatsari, balle in jiya an yini da hadari. Kadan mai kiwo ya ga jatan lande sun taru a bakin ruwa da sassafe, kada ya jira: ya kaɗa ruwan da inji, ko ya sako sabo, ya hana abinci ran nan.

Abinci ma shi ne yawancin laifin. Mai zumuɗi ya kan zuba fiye da abin da za su ci, ragowar ta nutse ta ruɓe, ta shanye oksijin, ta haifi amoniya, wadda dafi ce gare su. A ganinmu rowa ta fi kyauta a nan.

Ga gwaji wanda ba ya cin ko kwabo. A tsoma hannu a hankali, tafi yana sama. In tafin ya ɓace wajen santimita 30 zuwa 40, kusan gwiwar hannu ke nan, ruwan daidai ne. In ya ɓace tun kafin nan, kore ko laka ta yi yawa, sai a sauya wani sashi na ruwan.

Bayan an kwashe amfani, a tsiyaye kududdufin, a bar taɓo ya sha rana har ya tsattsage, a barbaɗa farar ƙasa domin ta kashe tsami, kāna a sake cika shi.