Darasi na Tara: Shiga Makarantar Koyon Aikin Jinya ga Mai Raunin Sakamako

1.0 Gabatarwa

A yawancin garuruwa da ƙauyukan ƙasar Hausa, malamin makaranta shi ne mutum na farko da ɗalibi ko mahaifinsa yake kawo wa takardar sakamakon jarrabawa don ya duba ya ba da shawara. Sau da yawa abin da ake buri shi ne makarantar koyon aikin jinya, alhali sakamakon bai taka kara ya karya ba. Idan malamin bai san ƙa'idojin shiga ba, yana iya karya gwiwar mai sauran dama, ko kuma ya sa iyaye asarar kuɗi. Wannan darasi zai yi bayanin waɗannan ƙa'idoji, da hanyoyin gyara sakamako, da kuma wasu kalmomin fannin.

2.0 Sharuɗɗan Shiga

Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda Doka ta 89 ta shekarar 1979 ta kafa, ita ce ke amincewa da makarantun jinya, tana shirya jarrabawar ƙwarewa, tana kuma ba da lasisin aiki. Babban sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO, a darussan Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Kiredit yana farawa daga A1 ya tsaya a C6. Saboda haka D7 da E8, duk da cewa ba faɗuwa ba ne, ba sa biyan bukata. Kiredit a Hausa ko Tarihi, komai kyansa, ba ya cike gurbin ɗaya daga cikin biyar ɗin nan.

Makarantun sun daɗe a kan tsarin karatun shekara uku. Daga baya da yawansu sun zama kwalejoji masu ba da ƙaramar difloma da babbar difloma, waɗanda ake shiga ta hanyar jarrabawar JAMB. A jami'a kuwa, digirin jinya yana ɗaukar shekara biyar.

3.0 Ƙa'idar Zama Biyu

An yarda a haɗa kiredit biyar ɗin daga zaman jarrabawa biyu, amma kada su wuce haka. A nan ne masu ba da shawara suka fi yin tuntuɓe. Alal misali, a ɗauka wata ɗaliba ta sami kiredit a Turanci da Lissafi da Bayoloji, ta kuma sami D7 a Kemistiri da F9 a Fiziks. Abin da ya rage mata shi ne ta ci darussa biyun nan tare a zama guda. Idan ta ci Kemistiri bana, ta ci Fiziks baɗi, takardunta sun zama uku, ba za su karɓu ba. Ke nan dole ne duk lokacin da za ta sake zama ta yi shirin darussan biyu gaba ɗaya. Ba kuma sai ta koma aji ba, domin WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu.

4.0 Mai Digiri Mai Rauni

Akwai kuma waɗanda suka gama jami'a da digiri mai daraja ta uku a wani fanni, sannan sha'awar aikin jinya ta zo musu. Idan irin wannan ya nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu, za a dubi darajar digirinsa, a nan kuwa rauninsa zai fito fili. Amma idan ya bi ta ƙofar da masu kammala sakandare suke bi, takardar sakandarensa da makin jarrabawar shiga su ne ma'auni. Abin da zai sadaukar shi ne shekaru da girman kai, domin zai zauna aji ɗaya da sa'o'in ƙannensa.

5.0 Karatun Share Fage

Raunin sakamako ba kullum yake nuna raunin ƙwaƙwalwa ba. Makarantun karkara da dama ba su da malaman kimiyya ko ɗakin gwaje-gwaje. A shekarar 2012 aka fara shirin Women for Health da tallafin gwamnatin Birtaniya a jihohin Jigawa da Kano da Katsina da Yobe da Zamfara, saboda ƙarancin mata ma'aikatan lafiya. Shirin ya ɗauki 'yan matan karkara da al'ummominsu suka zaɓa, ya ba su karatun share fage don su cike kiredit, bisa alkawarin za su koma su yi wa garuruwansu aiki. Wannan ya nuna cewa koyarwa mai kyau tana iya gyara abin da makarantar baya ta ɓata.

6.0 Abubuwan Kiyayewa

Wajibi ne malami ya gargaɗi iyaye game da abu biyu. Na farko, makarantar da hukuma ba ta amince da ita ba, domin wanda ya gama ta ba zai sami lasisi ba. Na biyu, kiredit na satar amsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne: jarrabawar zangon farko takan tona asirin mai shi, kuma aikin da ke gabansa na rayukan mutane ne.

7.0 Wasu Kalmomin Fannin

Kalmar jinya tana da wani furucin, wato jiyya, inda naso ya mayar da /n/ ta zama /y/. Majinyaci shi ne marar lafiyar da ake kula da shi, ma'aikacin jinya kuwa shi ne mai kulawar. Ungozoma tsohuwar kalma ce da ma'anarta ta faɗaɗa ta haɗa da wadda ta yi karatun zamani. Nas da kiredit da lasisi kalmomin aro ne daga Turanci.

8.0 Kammalawa

An ga cewa raunin sakamako jinkiri yake kawowa, ba ya rufe ƙofa. Aikin malami shi ne ya karanta takardar da kyau, ya faɗi gaskiyar abin da ya rage, ya kuma nuna halastacciyar hanyar cike shi.

Auna Fahimta

1. Kawo darussa biyar da ake bukatar kiredit a cikinsu.
2. Yi bayanin ƙa'idar zama biyu tare da misali naka.
3. Wace shawara za ka ba mai digiri mai daraja ta uku da ke son aikin jinya?
4. Kawo kalmomin aro biyar na asibiti, ka nuna yadda Hausa ta sarrafa furucinsu.