Ba Kowane M10 Ne Ke Shiga M10 Ba

Aikina yanka haƙoran bol da noti, kuma mafi yawan abin da ake kawo mini gyara ba tsufa ne ya lalata shi ba. Hannu ne. An ɗaura notin da bai dace ba, ya yi zagaye biyu ya cije, aka sa sifana aka danne shi da ƙarfi.

Idan ka ga an rubuta M10, kaurin bol ɗin kawai aka faɗa maka, milimita 10. Akwai lamba ta biyu da mutane ke mantawa da ita, wato tazarar da ke tsakanin haƙori da haƙori. M10 na gama-gari tazararsa 1.5 ce. M6 na da 1.0, M8 na da 1.25, M12 kuma 1.75. Waɗannan su ne suka cika shaguna, kuma su mai kaya zai miƙo maka idan kauri kaɗai ka ambata.

To amma motocin Japan da suka cika garejojinmu ba nan suka tsaya ba. M10 ɗinsu galibi 1.25 ne, mai ƙananan haƙora. A ido kamar ɗaya suke da na kasuwa. Notin tayar Toyota da Honda yawanci M12 ne mai 1.5, na Nissan kuwa 1.25. Bambancin kwata na milimita ne kawai, amma ya isa ya cinye haƙoran da ke riƙe taya, kuma wannan mota mutane za ta ɗauka ta hau titi da su. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bututun birki, wanda mahaɗinsa a motoci da yawa M10 ne mai 1.0. Idan aka tura wani daban a wurin, man birki zai riƙa tsiyaya a hankali ba tare da direba ya sani ba.

Akwai kuma waɗanda ba kasafai ake samu ba. M7 mai 1.0 yana nan a tsofaffin motocin Faransa irin su Peugeot, kuma akwatunan dayis na yanka haƙora masu araha sukan tsallake shi. Fulogin mota yawanci M14 ne mai 1.25, alhali M14 na gama-gari 2.0 ne. Madubin dama na baburan Yamaha da yawa haƙoransa na hagu ne, ta baya ake ɗaure shi. Kada girman sifana ya ruɗe ka: bol M8 na Japan sifana 12 yake ci, na Turai 13, amma haƙoransu ɗaya.

Ga 'yan'uwana masu gareji, ku sayi ma'aunin haƙora, ɗan ƙarfen nan mai ganye-ganye. Ba shi da tsada. Ku fara ɗaura kowane noti da yatsu; idan ya cije kafin ya yi nisa, ku tsaya ku auna. In za ku huda rami don yanka haƙora, ku cire tazarar daga kaurin: M6 ramin 5, M10 mai 1.5 ramin 8.5, M8 kuwa 6.8. Ku sa mai, ku riƙa juyawa baya kaɗan don ɓarɓashin ƙarfen ya karye. In kuma za ku aiki yaro kasuwa, ku ba shi tsohon bol ɗin a hannu, ku rubuta masa lambobin biyu a takarda.