Yadda Ake Tantance Gida ko Fili a Ƙasar Waje Kafin a Sa Hannu

A Jahun ko Aujara, idan za ka sayi gona, mai unguwa ya san mai ita, maƙwabta sun san iyakarta, dagaci kuma ya shaida. Amma da zarar ka ƙetare Maigatari ka nufi Damagaram, ko dillali ya turo maka hoton bene daga Dubai, duk waɗannan shaidu babu su. Abin da ke rubuce a rajistar gwamnatin ƙasar shi kaɗai zai tsaya maka. Saboda haka, kada kafin alƙalami ya bar hannunka sai ka bi waɗannan matakai.

1. Fara da sanin ko doka ta yarda baƙo ya mallaka. A Ghana, tsarin mulkin 1992 ya hana baƙo mallakar ƙasa ta dindindin, sai hayar da ba ta wuce shekara 50 ba. A Dubai, dokar 2006 ta ba baƙi dama a unguwannin da aka keɓe kaɗai. Kada ka saya da sunan wani ɗan ƙasar don ka zagaye doka. Ranar da ya rasu, magadansa ne masu gida.

2. Ɗauki lauyanka na kanka, mai lasisi a can. Wanda dillali ya kawo maka ba naka ba ne, domin dillali la'adarsa yake jira.

3. A binciki rajista. A Nijar, fulotin cikin gari kan zo da takardar acte de cession daga ofishin magajin gari, amma titre foncier ita ce mafi ƙarfi. Idan gona ce, a je wa hukumar filaye ta Cofo, wadda dokar karkara ta 1993 ta samar. A Dubai, ana tantance takardar mallaka ta manhajar Dubai REST. Lauya ya tabbatar sunan da ke takarda shi ne na mai sayarwa, kuma babu jingina, babu shari'a, babu bashin haraji. In gidan gado ne, kowane magaji ya sa hannu. In wakili ne ke ciniki, a tantance takardar wakilcinsa.

4. Je ka gani da idonka, ko ka tura amintacce. A gwada lambar fuloti da ta takarda, a taka iyakoki huɗu, a tambayi maƙwabta wa suka sani da wurin. Saye daga hoton waya sayen kifi a ruwa ne.

5. A fassara maka yarjejeniyar daga Faransanci ko Larabci, layi bayan layi. Ta fayyace farashi da irin kuɗin, ranar karɓar makulli, yadda za a maido maka da kuɗinka in ciniki ya warware, da kotun da za ta saurari ƙara. A Dubai, kuɗin sauya suna kashi 4 cikin 100 ne, sai a rubuta wanda zai biya.

6. Biya ta banki, ka adana rasit. In ginin Dubai bai kammala ba, dokar 2007 ta wajabta a zuba kuɗin a asusun amana na aikin, ba a aljihun kamfani ba.

7. Tambayi yadda dokar ƙasar ke raba gado, ka kuma ajiye kwafin takardu a hannun iyalinka. In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka bayyana kadarar ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata.

Duk mai sayarwar da ya matsa maka lamba, ya ce yau ko gobe wani zai saye, ko ya ƙi a je rajista, ka janye. Mai gaskiya ba ya tsoron bincike.