Aikin Mai Binciken Zamba a Shirin Tallafa wa Marasa Galihu: Nazari Daga Ƙasar Tofa

Tsakure

Wannan takarda ta dubi aikin jami'in da ake turawa karkara domin ya gano ko kuɗin tallafin gwamnati na isa hannun waɗanda aka ware wa. An ɗauki Ƙaramar Hukumar Tofa ta Jihar Kano a matsayin fagen nazari. Takardar ta nuna cewa babban nauyin da ke wuyan mai bincike shi ne rarrabe kuskure da zamba, kuma hakan ba ya samuwa sai da sanin yadda jama'ar wuri ke zaune.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 2016 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirye-shiryen tallafa wa jama'a, ciki har da na bai wa gidajen marasa galihu Naira 5,000 a wata, wadda a wancan lokacin aka riƙa haɗawa a biya Naira 10,000 duk bayan wata biyu. Bankin Duniya ya ba da rancen Dala miliyan 500 domin shirin, sannan aka zuba masa Dala miliyan 322.5 daga kuɗin marigayi Janar Sani Abacha da ƙasar Suwizalan ta maido a ƙarshen 2017. Ofishin NASSCO ne ke riƙe da rajistar marasa galihu ta ƙasa, ofishin NCTO kuma shi ke biya. A watan Oktoban 2023 aka sanar da sabon tsari na Naira 25,000 a wata har tsawon wata uku ga gidaje miliyan 15. Ba a yi nisa ba, a Janairun 2024, Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da Ministar Jinƙai, Betta Edu, bisa zargin ba da umarnin tura Naira miliyan 585 cikin asusun wata ma'aikaciya, ya kuma dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci, hukumar EFCC ta shiga bincike.

Wannan shi ne abin da jaridu suka ɗauka. Amma akwai wata ɓarnar da ba ta kai girman kanun labarai ba, wadda ke aukuwa tsakanin teburin mai biya da gefen zanin tsohuwar da ta zo karɓa. Ita ce abin nazari a nan.

2.0 Tofa da Yanayin Zamanta

Tofa na yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Dawakin Tofa da Rimin Gado. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 97,734. Tana cikin yankin nan mai cunkoson gonaki da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a kansa tun shekarun 1960, inda ake noma ƙasa shekara da shekara ba hutu, da taimakon taki. Gidaje da yawa ba a dunƙule suke cikin gari ba, a warwatse suke cikin gonaki. Garuruwa irin su Janguza da Lambu da Langel na da kusanci da birni, don haka magidanta da dama kan yi sammako su tafi neman abinci, wasu kuma su tafi ci-rani bayan kaka. Jami'in da ya zo da hantsi ya tarar ba maigida, idan ya rubuta cewa sunan na bogi ne, ya zalunci mai rai.

3.0 Inda Kuɗin ke Zurarewa

Tsarin shigar da mutane rajista, a takarda, mai kyau ne. Ana tara maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi abin da yake kira talauci, ya lissafa gidajen da suka fi cancanta, sannan a haɗa sunayen, jami'ai su bi gida-gida su ɗauki bayani. Zamba kan shigo ne ta kafofi sanannu: cusa 'yan uwa da 'yan jam'iyya, barin sunan mamaci yana karɓa, rubuta mutum guda sau biyu, da riƙe katin mai tallafi a hannun wani. Mafi yawaita kuma mafi wuyar kamawa ita ce zabge: a miƙa wa mace dubu takwas maimakon goma, a ce sauran na mota ne ko na goron waɗanda suka sa sunanta. Ita kuwa za ta yi godiya har da durƙusawa, domin a ganinta kyauta ce aka yi mata, ba haƙƙinta ba ne. Da wuya wanda bai san adadin haƙƙinsa ba ya kai ƙara.

4.0 Kuskure Daban, Zamba Daban

Aikin yakan fara ne a ofis, da gwama takardu uku: rajista, jerin waɗanda aka amince a biya, da shaidar biyan. Duk inda suka saɓa wa juna, an sami abin tambaya, amma ba a sami mai laifi ba tukuna. A nan ne sanin al'ada ke raba gwani da ɗan koyo.

A ɗauki batun suna. A unguwa guda ana iya samun mata biyar masu suna ɗaya, sunan mahaifinsu ko na mijinsu ma ɗaya. Wata an yi mata rajista da sunan yanka, alhali duk unguwa da laƙabi aka san ta, har maƙwabciyarta ta rantse ba ta taɓa jin mai wannan suna ba. Wata kuma alkunya ta hana ta ambaton sunan mijinta ko na ɗan farinta. Haɗa rajista da lambar NIN da BVN ya rage maimaita suna, sai dai ya haifar da tasa matsalar: harafi ɗaya da ya bambanta tsakanin katin ɗan ƙasa da takardar banki ya isa ya hana tsohuwa kuɗinta, kuma shekarun haihuwa da yawa kintata su aka yi.

Haka batun gida. Shirin na lissafi ne da tukunya, wato mutanen da ke ci tare, amma ƙofa guda a karkarar Kano kan ƙunshi tukwane uku ko huɗu, musamman inda gandu ya watse kowane ɗa ya ja nasa sashen. Ganin sunaye uku a gida ɗaya ba hujja ba ce. Lokacin ziyara ma na da tasiri: rumbun da aka gani cike da gero da dawa a watan Nuwamba, ba shi ne za a tarar a watan Yuli ba. Sannan akuya biyu a turken mace ba alamar wadata ba ce. Sau da yawa su ne asusunta, wani lokacin ma na kiwo ne aka ba ta.

Tun da yake mafi yawan masu karɓar kuɗin mata ne, tawagar da ba mace a cikinta rabin aiki za ta yi, domin namiji baƙo iyakarsa zaure. Tambayar ma sai an iya ta. Idan aka ce wa mace, “An ba ki dubu goma?” za ta amsa da e. Idan aka ce, “Iya, nawa kika ƙirga da kika koma ɗaki, kuma wa ya raka ki wurin karɓa?” sai gaskiya ta fara fitowa. Amsar mace guda labari ce. Idan mata goma da aka tambaya a keɓe suka faɗi adadi ɗaya da suna ɗaya, ta zama shaida.

5.0 Masu Sarauta, Shaidu da Shi Kansa Jami'in

Mai unguwa ya san wanda ya mutu da wadda aka saka da wanda ya tashi, don haka ba a yi sai da shi. Ladabi ne a fara gaida hakimi da dagaci. Amma kuskure ne a yi tambayoyi a zauren mai unguwa, ko a bar yaronsa ya zama ɗan jagora, domin mai yiwuwa ne shi ma yana cikin waɗanda za a tambaya.

Idan hujja ta kammala, ba mai bincike ke hukunci ba. Yakan miƙa rahoto ga ofishinsa, daga nan zuwa ICPC ko EFCC, ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci ta Jihar Kano idan abin na jiha ne. Sashe na 19 na dokar ICPC ta 2000 ya haramta wa ma'aikaci amfani da muƙaminsa don amfanar kansa ko danginsa. Abin da tsarin bai tanada yadda ya kamata ba shi ne kariyar matar da ta yi magana. Jami'i zai koma Kano da yamma, ita kuwa a rijiya ɗaya za ta ci gaba da ɗiban ruwa da iyalin wanda ta tona, ga fargabar a goge sunanta a biya na gaba. Don haka bai dace sunanta ya fito a rahoton da zai ratsa sakatariyar ƙaramar hukuma ba.

Shi ma jami'in ana gwada shi, kuma ba da damin kuɗi ake farawa ba. Da zabi biyu ake farawa, ko kwaryar ƙwai da aka sa a bayan mota. Hadisin Ibn Lutbiyya, mai karɓar zakkar da ya ware wani abu ya ce kyauta ce aka yi masa, sananne ne a Bukhari da Muslim, kuma Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki gaisuwar da ake kai wa masu mulki a Kitabul Farƙ. Mayar da kyauta a ƙauye na da nauyi, don ana iya ɗaukarsa wulaƙanci. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce jami'i ya sanar tun a gaban hakimi, ranar da ya sauka, cewa ƙa'idar aikinsa ta hana shi karɓar ko da goro, ya kuma zo da ruwansa da guzurinsa.