Ɗana Ya Suma a Filin Ƙwallo

Tambaya: Ɗana mai shekara 17 ya yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar wasa, sannan ya farfaɗo. Kocinsa ya ce zafin rana ne. In bar shi ya ci gaba? Daga wata uwa a Zariya.

Amsa: Hajiya, a dakatar da shi tukuna. Koci ba likita ba ne. Suma ana cikin gudu na iya zama gargaɗi daga zuciya. Akwai ciwon kaurin tsokar zuciya, galibi na gado, da ke ɓoyewa a jikin ƙaƙƙarfan saurayi. Ciwon ne ya kashe ɗan ƙwallo Marc-Vivien Foé na Kamaru a filin wasa a Faransa a 2003, yana da shekara 28.

Ki kai shi wurin likitan zuciya a yi masa gwajin ECG da hoton zuciya. Idan wani a danginku ko na mahaifinsa ya taɓa rasuwa farat ɗaya da ƙuruciya, ki faɗa.

Kocin kuma ya sani: wanda ya faɗi ba ya numfashi, yayyafa ruwa ba ya tashinsa. A riƙa danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, har taimako ya iso.

Kada ya koma fili sai likita ya amince.