Fiɗar Afendis a Bayan Kantin Magani

Wani dare da damina, bayan an idar da sallar lisha, aka shigo mini da wani saurayi manomi a kan tabarma, 'yan'uwansa huɗu suna riƙe da kusurwoyinta, cikinsa ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun faɗa; da na kwance tsumman da aka ɗaure masa a mara ta dama, sai na tarar da yanka mai tsawon tafin hannu, an ɗinke shi da baƙin zare, najasa tana tsattsafowa ta tsakanin ɗinkin. Na dubi wansa na ce, "Malam, wa ya yi wannan aiki?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Likita, wani ne a garinmu da ya daɗe yana aikin asibiti. Shi ya ce afendis ne, in ba a cire shi a daren ba, yaron ba zai kwana ba." Da aka bi diddigi daga baya, sai ta bayyana cewa mutumin nan, a zamansa na asibiti, aikinsa wanke kayan fiɗa ne da tura gadon majinyata, ya tsaya ya ga an yi aikin sau da yawa, har zuciyarsa ta raya masa cewa abin da ido ya haddace hannu ma zai iya.

Da muka buɗe cikin a wannan daren, afendis ɗin yana nan inda Allah Ya halicce shi, lafiyarsa lau, ba a ko kai gare shi ba. Ciwon yaron taifot ne da ya huda ƙaramin hanji, shi kuwa mai wuƙar, cikin lalube a ƙarƙashin fitilar hannu, ya ƙara masa huda ta biyu a babban hanji, ya rufe fata a kansu duka biyu. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya tashi bayan makonni na jinya da fiɗa sau biyu, amma noman wannan shekarar ya wuce shi, mahaifinsa kuma sai da ya sayar da shanun huɗarsa.

Dalilin da ya sa jahili yake raina wannan aiki shi ne ƙanƙantar abin da ake cirewa, domin kuwa afendis ɗan tsiro ne kamar tana, tsawonsa galibi kamar na yatsa, yana maƙale a mafarin babban hanji ta gefen dama. Idan bakinsa ya toshe, galibi da ɗan dunƙulen bayan gida da ya sandare ko kumburin naman wurin (tsakuwar shinkafa da jama'a suke zargi ba kasafai take da laifi ba), sai ya kumbura, jini ya daina isarsa, ya ruɓe, ya fashe, mugunya ta watsu a cikin ciki. Ciwon yakan faro ne a wajen cibiya, bayan wasu sa'o'i ya gangaro mara ta dama, tare da ƙin abinci da tashin zuciya da ɗan zazzaɓi. To, amma wanda ya tsaya a kan waɗannan alamomi kaɗai bai san kome ba tukuna, saboda taifot a ƙasarmu yana zuwa da kamanninsu, haka tsakuwar ƙoda, haka ciwon ƙwan mace, haka cikin da ya zauna a wajen mahaifa, wanda idan ya fashe jini zai iya ƙare wa mace cikin sa'a kaɗan. Rarrabe waɗannan kuwa, kafin a taɓa wuƙa, shi ne rabin ilmin, sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Sa'an nan ko da an tabbata afendis ne, ba kullum ake samunsa inda littafi ya zana shi ba: a wurin mafi yawan mutane yana kwance ne a bayan hanji, a wasu ya sauka cikin ƙugu, a mai juna biyu mahaifa ta tura shi sama. Yana da jijiyar jini tasa, wadda in ba a ɗaure ta da kyau ba majinyaci zai yi ta zubar da jini a ciki alhali fatarsa a ɗinke take. A kusa da shi akwai bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara, da manyan jijiyoyin da ke ciyar da ƙafa. Ga kuma allurar barci, wadda ita kanta fanni ce mai zaman kanta, domin mutumin da aka sa shi barci da abinci a cikinsa yana iya yin amai ya shaƙe, ya mutu tun ba a tsaga shi ba. Idan ciwon ya kwana biyar ko shida, hanji ya naɗe wurin ya zama ƙullutu, sau da yawa hikimar ita ce a janye hannu, a ba da magani da ƙarin ruwa, a jira. Wanda ya koyi aikin da kallo ya ga lokacin da aka yanka, bai taɓa ganin abin da ya sa aka fasa yankawa ba.

Su ma Turawa da muka karɓi wannan fanni daga gare su ba su same shi a ɓagas ba. A 1735 wani likita mai suna Amyand ya cire afendis na wani yaro a Landan, amma sai da aka samu maganin sa barci a 1846, likita Lista ya bayyana hanyar kashe ƙwayoyin cuta a 1867, Fitz na Amurka ya tantance ciwon ya raɗa masa suna a 1886, kafin aikin ya zama abin da ake shiga da kyakkyawan zaton fita. A 1902, shekara guda kafin sojojinsa su ci Kano, ciwon ya kama Sarkin Ingila Edward na Bakwai har aka ɗage bikin naɗinsa. Nakan ji samari suna kafa hujja da Rogozov, Barashen da ya cire nasa afendis da hannunsa a 1961 a ƙasar ƙanƙara ta Antatika. Abin da suke mantawa shi ne mutumin nan likitan fiɗa ne da ya yi karatunsa, shi kaɗai ne likita a sansanin, jirgi ba ya iya zuwa, lalura ce tsantsa ta tilasta shi.

Magabatanmu ba su bar wannan mas'ala ba bayani ba. Abul Ƙasim az-Zahrawi na Andalus, wanda ya rasu wajen 1013, ya buɗe babin fiɗa na littafinsa at-Tasrif da sharɗanta sanin tashrihi, watau ilmin gaɓoɓi da jijiyoyi, ya kuma ba da labarin jahilin ɗabibi da ya tsaga ƙari a wuyan wata mace, ya yanke jijiya, ta mutu a hannunsa. Hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito ya ɗora lamuni a kan duk wanda ya shiga yin magani ba a san shi da ilminsa ba, fuƙaha'un Malikiyya kuma sun bambanta kuskuren masani da ta'addancin jahili, suka hukunta wa na biyun horo tare da diyya. Ko wanzaman gargajiya, waɗanda na sha zama da dattawansu, sun san haddinsu: suna yin ƙaho da kaciya da sakiya, amma ban taɓa jin wanzamin kirki ya ce zai shiga cikin mutum ba.

Ban zargi mahaifin yaron nan ba, kuma ba zan zarge shi ba, domin na san nisan hanya da damina, na san tsoron kuɗin asibiti, na kuma san yadda farar riga da kalmomin Turanci suke kwantar da hankalin wanda ɗansa yake murƙususu a gabansa. Saboda haka nake roƙon jama'a, musamman masu unguwanni da limamai da ake fara kai wa shawara: idan ciwon ciki ya koma mara ta dama ya ƙi lafawa, kada a ba majinyaci abinci, kada a ba shi maganin wanke ciki ko jiƙo, kada a gasa wurin, a nufi babban asibiti da shi tun da rana. Duk wanda ya ce zai yi muku fiɗa, ku tambaye shi shaidar rajistarsa da hukumar likitoci ta ƙasa, wadda a Nijeriya ba ta ba mutum cikakken izini sai ya yi shekara shida yana karatu da shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya. Likitan gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya. In kuwa kun san wani ɗaki a bayan kantin magani inda ake tsaga mutane, ku kai maganarsa ga hakimi da ma'aikatar lafiya tun kafin a kawo mana na gaba a kan tabarma.