Zaiba a Iskar Duniya: Darasi ga 'Yan Kasuwa da Iyalansu

'Yan'uwa 'yan kasuwa, magidanta da iyayen gida, da yawanku kun san zaiba, ƙarfen nan mai ƙyalli da yake gudana kamar ruwa, wanda masu haƙar zinariya suke saye a 'yan kwalabe. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, zaiba tana tashi ta zama tururi marar launi, marar wari. Idan ta shiga iska takan yi wata shida zuwa shekara guda tana yawo kafin ta sauka a ƙasa ko a ruwa. Saboda haka ba ta san iyakar ƙasa ba.

Me ma'aunai suka nuna?

Rahoton 2018 na Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa ayyukan ɗan Adam sun saki kimanin tan 2,220 na zaiba cikin iska a shekarar 2015. Yawan zaibar da ke sararin sama a yau ya ninka na asali sau biyar da wani abu, sakamakon ɗaruruwan shekaru na haƙar ma'adinai da ƙona kwal.

Duk da haka akwai labari mai daɗi. Tun daga wajen 1990 tashoshin awo na Turai da Amurka ta Arewa suke ganin raguwa a hankali, bayan an sanya matatun hayaƙi a tashoshin wutar lantarki masu aiki da kwal, aka kuma rage zaiba a batura da fenti. Wani bincike na 2024 ya gano cewa tsakanin 2005 da 2020 zaibar iska ta ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a arewacin duniya. Yarjejeniyar Minamata, wadda aka ƙulla a 2013 ta fara aiki a 2017, ta ƙarfafa wannan yunƙuri. An raɗa mata sunan garin nan na Japan inda a 1956 aka gano cutar da ta naƙasa masu cin kifin da dattin wata masana'anta ya gurɓata. Najeriya da Nijar da Gana da Cadi da Kamaru duk suna cikinta.

Ina ya rage?

Kada wannan raguwa ta sa ku saki jiki. A ƙiyasin 2015, ƙona kwal ya ba da kusan kashi 21 cikin 100, amma haƙar zinariya ta gargajiya ita ce kan gaba da kusan kashi 38. Wannan kuwa sana'ar yankinmu ce, daga Anka da Bagega a Zamfara zuwa Ɗan Isa a jihar Maraɗi, da Jado a arewacin Nijar, har zuwa ramukan Gana. Ana cuɗa zaiba da garin dutse ta kama zinariya, sannan a ƙona curin a wuta. Zaibar ta tashi, zinariyar ta zauna. Kafin tururin ya kai sararin sama, sai ya bi ta huhun mai ƙonawa da na duk wanda ke kusa, ya kuma maƙale a bango da tufafi da tabarma.

Ku lura, zaiba daban take da dalmar da ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake aikin zinariya ne ya kawo su biyun cikin gidaje.

Alamomin da za ku kula da su

Rawar hannu, yawan mantuwa, rashin barci, saurin fushi da ciwon dasashi. Takan lalata ƙoda kuma. Mafi haɗari shi ne ɗan tayi da jariri, domin tana taɓa ƙwaƙwalwa tun tana ginuwa.

Abin da ke hannunku

1. Kada a ƙona curin zinariya a cikin gida, ko shago, ko kusa da murhun girki. A yi a fili nesa da jama'a, da rufaffiyar na'urar da take kama tururin ta mayar da shi ruwa.
2. Mai ciki da mai shayarwa da yara kada su kusanci wurin.
3. Kada a ajiye zaiba tare da kayan abinci ko a ɗakin kwana. Idan ta zube, kada a share da tsintsiya. A buɗe tagogi, a fitar da yara, a tattara ta da kwali a zuba a kwalba mai murfi.
4. Masu sayar da kayan shafawa, ku guji man bilicin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, domin an sha samun zaiba a irinsu.
5. Ku ci gaba da cin kifi, amma a ruwan da ke kusa da wurin haƙa ku fifita ƙananan kifaye a kan manya masu cin 'yan'uwansu. Dafuwa da ƙyafewa ba sa fitar da ita.

Wanda ya ga waɗannan alamomi ya je asibiti mafi kusa, ya kuma gaya wa ma'aikacin lafiya irin sana'arsa. Ku karanta wa maƙwabcinku na rumfa wannan takarda. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka.